Ranar da Na Hana Madara Zuba

A warshar da nake aiki, wato shagon gyara, a unguwar Gubaira ta birnin Riyad, mu bakwai ne, daga ƙasa biyar. Kujeru muke gyarawa. A kawo mana wadda yara suka yi wa kaca-kaca, ko wadda soso ya mutu a cikinta, mu feɗe ta, mu sake mata ciki da riga, ta koma gidan masu ita tana yanga. Ni Sha'aban, mutumin Wudil, nawa aikin shi ne cire tsohon yadi da ƙusoshi, aikin da ba ya neman ilmi sai haƙuri da taurin yatsa. Mai keken ɗinki kuwa wani dattijo ne ɗan Sirilanka, sunansa Wimalasena, amma ba wanda ke da lokacin faɗin wannan duka, sai muka tsaya a Baba Wimal. Siriri ne, baƙi kamar mu, furfura har a gira. Shekararsa goma sha tara a Riyad lokacin da na same shi, a tsakiyar 2014.

Ɗaki ɗaya aka haɗa mu a saman benen warshar, kusa da tankokin ruwa. Da farko ban so ba. Na je na sami mudir, wato mai kula da warshar, na ce yaya za a haɗa ni da wanda ba ya salla? Ya ce in ban so ga matattakala nan, in kwana a kanta. Na dawo ina cika ina batsewa. Ba a yi mako biyu ba na gane na fi kowa sa'a. Mutumin nan ba ya minshari, ba ya taɓa kayan wani, in na shimfiɗa darduma sai ya kashe rediyonsa ya ba ni wuri, in kuma barci ya danne ni da asuba shi ne mai taɓa ƙafata ya ce, "Shaban, salla."

A jikin bango, saman katifarsa, akwai kalandar ƙasarsu da 'yarsa ke aiko masa duk shekara. Rubutunsu ne a jiki, mai kama da an baza 'yan kunne a faranti, ban iya karanta ko ɗaya ba. Amma lambobin irin namu ne, kuma jan da ake yi wa ranar hutu ba ya bukatar tafinta. A nan Saudiyya hutu sananne ne: Ƙaramar Salla, Babbar Salla, sai ranar ƙasa a Satumba, wadda mu a warsha sai dai mu ji ƙarar motoci suna wucewa da tutoci. Ita kuwa wannan kalanda babu watan da ya tsira. Ka ɗaga shafi ka ga ja, ka sake ɗagawa ka ga ja biyu, wani wurin uku a jere.

Wata Juma'a bayan la'asar na kasa haƙuri. Da Larabcin warsha muke magana, wanda rabinsa hannu ne da gira.

"Baba, ku a ƙasarku yaushe ake yin aiki?"

Ya yi dariya har da tari. Ya sauko da kalandar, muka fita inuwar tanki, na haɗa mana shayi. Ya ɗora yatsa a kan wani jan.

"Wannan, wata ya cika. Hutu."

"Wata ya cika kawai?"

"Kowane wata, in ya cika, hutu. Ba makaranta, ba banki, ba yanka."

Na ce lallai waɗannan mutane sun san daɗin duniya. Ya ce in dakata, ban ji komai ba tukuna. Tsibirin nasu, in ji shi, ƙarami ne, teku ta kewaye shi ta ko'ina, amma addini huɗu ne a ciki, kuma duk ranar da ɗaya ke babban biki sauran ukun ma sai su rufe shago su zauna. Akwai nasu, mabiya Buda. Akwai na Hindu. Akwai Kirsimeti. Akwai Sallolinmu biyu. Da ya nuna mini Maulidi da ja sai da na ajiye kofina. Ga ni zaune a ƙasar da aka haifi Manzon Allah, ranar Maulidi ina cire ƙusa, ga wani tsibiri can a tsakiyar ruwa inda Musulmi ba su da yawa an ba kowa hutu.

Daga ranar abin ya zame mana al'ada. Kowace Juma'a bayan la'asar, ni shayi, shi labari. Zai duba jan da ke tafe ya buɗe mini shi a hankali, ba ya gaggawa, ba ya tsallake. Ya ba ni labarin bikin fitilu na watan Mayu, inda kowane gida ke ɗaura fitilar takarda a ƙofa, wata kamar tauraro, wata kamar fure, har iska in ta taso sai ka ga unguwa duka tana lilo. Ya ce a kwanakin mutane ke kafa rumfuna a bakin titi su dafa abinci, sannan su tsaya da tuta suna tare motoci, suna roƙon matafiya su sauko su ci kyauta, in ka ƙi ma ran mai rumfa ya ɓaci. Ya ba ni labarin giwaye da ake sa wa riguna masu ƙyalli suna tafiya a jere cikin wani gari na kan duwatsu, makaɗa a gaba, masu rawa a baya. Ya ba ni na masunta Kirista da ke yi wa kwale-kwalensu sabon fenti kafin Kirsimeti, da na maƙwabtansa Hindu da ke jera 'yan fitilun ƙasa a kan katanga har katangar ta ɓace sai haske. Ranar Salla kuwa, in ji shi, matarsa Silawati tun safe take wanke faranti ta ajiye a bakin taga, don ta san matar maƙwabcinsu Musulmi za ta aiko da wani abin zaƙi na ƙwai da kwakwa, kuma ba a mayar da kwano fanko.

Ban san lokacin da tsibirin nan ya tare a kaina ba. In yana magana sai rufin Gubaira ya fara sauyawa a idona. Tankokin ruwa su koma giwaye a durƙushe, zanin gadon da wani ya shanya ya koma filafilan jirgi, ƙarar babban titi daga nesa ta koma ta teku, ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Wani lokaci abin ya cakuɗe mini da gida. In ga kogin Wudil ya faɗaɗa ya rasa ɗaya gaɓar, in ga matata Muhibba tana tafe a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa da fitilar takarda a hannu, tana tambayar mutane ko sun ga mijinta. A warsha ma ina cire ƙusa ina lissafin saura kwana nawa wata ya cika, kamar ni za a ba hutun.

Ba zan ɓoye ba, Riyad ta yi mini nauyi a lokacin. Shekarata ta biyar ke nan, kwanakin duk kamarsu ɗaya, ka tashi, ka sauka, ka hau, ka kwanta. Wannan zama na Juma'a shi ne kaɗai abin da nake jira a mako, kuma muryar tsohon nan ita ce ta sa na daina jin kamar an manta da ni a saman wani bene.

A watan Nuwamba aka bugo masa waya cewa Silawati ta rasu. Kafin a gama maganar takardar fita har an yi abin da za a yi, sai ya ce a bari. Kwana uku bai yi magana ba, keken ɗinkin ne kawai ke yi. Juma'ar da ta biyo na haɗa shayin ba tare da na sa rai ba, sai ga shi ya fito da kalandar. Bai fasa ba. Bambancin kawai shi ne, daga nan kowane biki da ita a ciki, ga inda take tsayawa, ga kalar zanin da take ɗaurawa.

Da Afrilu ya kama ya nuna mini ja biyu a manne, sha uku da sha huɗu.

"Wannan babba. Sabuwar shekara."

Ya ce ana gama girbin shinkafa take zuwa. Akwai wasu sa'o'i da tsohuwar shekara ta fita, sabuwa ba ta shigo ba, a cikinsu ba a aiki, ba a ci, kowane murhu a tsibirin a kashe yake. Sannan akwai minti ɗaya da masu lissafin taurari ke fitarwa, a buga a jarida. In ya yi, kowace mace a ƙasar, daga gidan mai kuɗi har bukkar masunci, sai ta kunna wuta a lokaci guda, ta ɗora sabuwar tukunya da madara. Na lumshe ido ina ganin hayaƙi yana tashi daga dukan tsibirin a tare. Abin da bai faɗa mini ba shi ne abin da ake so madarar ta yi. A wurinsa ko yaron goye ya san wannan.

Ni kuma akwai abin da ban taɓa faɗa masa ba, don ban ɗauke shi labari ba. Kakata ce ta raine ni, Goggo Azumi, Bafillatana mai shanu uku da take ji da su fiye da jikokinta. A gidanta babu laifin da ya kai madara ta zuba a wuta. Cewa take in ta zuba, hantsar saniyar ce ke ƙonewa, gobe ka je tatsa ka tarar ta tsage. Ina ɗan shekara bakwai take zaunar da ni gadin tukunya, in kumfa ya kusa baki ban sauke ba, ranƙwashin da zan sha sai na ji shi har a haƙori. Na girma, shanun sun ƙare, Goggo ta rasu, na san likitan dabbobi zai yi wa maganar dariya. Amma hannuna bai taɓa samun wannan labari ba.

Ranar sha huɗu Talata ce. Baba Wimal bai sauko warsha ba, mudir ya ce duk shekara yana ba shi rabin ranar nan. Na lura da safe ko shayi bai sha ba. Wajen sha ɗaya da rabi tausayinsa ya kama ni, na zame na sayo burodi mai zafi da wake, na hau sama.

Ƙofar a saye take. Na tura. Yana tsaye a tsakar ɗaki cikin sabuwar jar riga da farin zane, ya haɗa tafukansa a ƙirji, idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi. A gabansa ƙaramin murhun gas ɗinmu ne, an ɗora wata 'yar tukunyar ƙasa sabuwa fil. Ya jingina wayarsa da gwangwanin sukari, a cikinta ga wata budurwa a tsugune gaban murhun duwatsu uku, ita ma da tata tukunyar. Duk wannan daga baya na tuna na gan shi. A lokacin abu ɗaya idona ya gani: madara ta taso, kumfa ya yi tozo a bakin tukunya yana rawa, mai ita kuma baƙin ciki ya ɗauke masa hankali ya rufe ido.

Na yar da burodin. Na sa gefen rigata na sure tukunyar, na murɗe gas, na hura kumfan ya kwanta. Ko ɗigo bai zuba ba. Har da murmushina.

"Alhamdu lillahi, Baba, na cece ta!"

Ya buɗe ido. Ya dubi murhun, ya dubi tukunyar a hannuna. Daga cikin wayar sai ƙarar abin fashewa na wasa ta ɓarke ta ko'ina, da ganguna, na ga tukunyar yarinyar ta tumbatsa, madara na gangarowa cikin wuta, ita kuwa tana tafi tana dariya da hawaye a fuska. Ta matso da fuskarta tana tambayarsa wani abu da yarensu, da ɗoki. Sai ta hango ni tsaye da tukunya. Ta sa hannu ta rufe baki.

Tun kafin in san me na yi, na gane na yi ɓarna.

"Baba, in mayar?"

Ya duba agogon hannunsa. Ya girgiza kai.

"Halas, Shaban. Lokaci ya wuce. Mafi mushkila."

Wato ba komai. A duk Larabcin da na iya babu kalmar da ta taɓa dukana kamar wannan. Ya ɗauki wayar ya fita bayan tanki, na ji yana lallashin yarinyar da murya ƙasa-ƙasa. Na ajiye tukunyar a hankali, na tsince burodin, na sauka.

Da yamma na je kantin da ke kusurwar layinmu. Mai tsaronsa, Nawfar, shi ma ɗan tsibirin ne, amma Musulmi, Larabcinsa kuma ya fi namu tsayuwa. Na ba shi labari. Ya dafe kai.

"Ya Shaban! Zubar ai ita ake nema. In ta cika ta tumbatsa, shekara ta yi albarka ke nan, gida zai cika har ya zuba. Shekara goma sha tara mutumin nan da matarsa suna kunna wuta a minti ɗaya, ita can, shi nan. Da wasiƙa take aiko masa da lokacin, kafin waya ta zo. Bana 'yarsa Nirosha ce ta tsaya a wurin uwar, karo na farko. Tun watan jiya yake zuwa nan yana tambayata ko madarar kwali za ta yi kumfa sosai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ba shi haƙuri a ranar, na sake ba shi washegari. Amsar ɗaya ce, mafi mushkila. Bai canza mini fuska ba, bai fasa tashina da asuba ba. Amma da Juma'a ta zo na haɗa shayi na kai inuwar tanki, sai ya ce kansa na ciwo. Ta biyu ya ce zai je kasuwar Batha. Ta uku ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Watan Mayu ya shigo, wata ya cika, na ga jan bikin fitilu ya zo ya wuce a jikin bango ba wanda ya taɓa shi. Na zauna a rufin ni kaɗai na yi ta ƙoƙarin kiran tsibirin da kaina, amma tanki ya tsaya a tankinsa, titi ya ci gaba da zama titi. Na ji tsoron shi ke nan, na kashe abin da hannuna.

Harouna ne ya gaji da ganin fuskata. Shi ne direban motar da ke kai kujeru, mutumin Damagaram, ba ya ganina bai tsokane ni ba.

"Kai Bakano, ko a ƙasar mutane sai kun nuna ba ku son asara? Madarar riyal huɗu!"

"Harouna, bar wasa. Ni fa ban san zuba ake so ba. Wa ke son abinci ya zube?"

"To ku a Wudil ba ku cika-ciki? Ba a cewa wanda bai ƙoshi ba ran nan, ba zai ƙoshi ba har shekara? Ka ce kana cikin ci wani ya zo ya ɗauke akushin, ya ce tausayin cikinka yake ji."

Gaskiya ya faɗa.

Na koma wurin Nawfar na ce shin babu ramuwa? Ko salla in ta kuɓuce ana rama ta. Ya ce ta sabuwar shekara sai baɗi. Har na juya, sai ya ƙara da cewa, ai ba ranar kaɗai ake dafawa ba, in mutum zai tare a sabon gida ma da ita ake buɗe murhu.

Na tsaya cak a bakin kantin.

A rufin namu akwai wani ɗaki da ba mai kwana, an cika shi da mataccen soso da ƙafafun kujeru tun kafin zuwana. Ya fi namu girma, tagarsa kuma gabas take kallo. Na sami mudir. Ya ce in zan kwashe sharar da kaina in kwashe, amma kada in tambaye shi fenti. Na sayo fentin. Hutun rana na kwana tara na ba ɗakin nan, lokacin da Baba Wimal ke barcin azahar. Harouna ya yi sawu uku da mota yana zubar da soso, yana mita. A rana ta biyar, yana riƙe mini da tsani, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Sha'aban, ba ka ganin abin nan ya taɓa addini?"

"Ni ba abin da zan bauta wa. Abu na ƙwace a hannun mutum, ina so in mayar masa. Fenti kawai nake yi."

Sai ya ce in gyara can sama, na bar tabo, aikin Kanawa.

Na je Batha na yi ta yawo a shagunan mutanen Indiya har na sami tukunyar ƙasa, na rungumo ta a bas kamar jariri. Ranar Juma'a da hantsi na kai murhun sabon ɗakin, na ajiye madara da ashana a gefe, na je na tsaya a kan Baba Wimal.

"Baba, zo ka gani."

Ya biyo ni yana jan silifa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin fari tas, ƙamshin fenti bai gama fita ba, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa daidai inda tukunyar take. Ya daɗe yana kallo.

"Sabon gida," na ce. "Nawfar ya ce in sabon gida ne, ana yi."

Ya dube ni, ya dubi fentin da ya bushe a farcena. Ya cire silifansa, ya koma ya sako jar rigar nan, ya kira 'yarsa ya jingina wayar a taga. Ya tsiyaya madarar, ya ƙyasta ashana.

Ban taɓa sanin madara na daɗewa haka kafin ta tafasa ba. Muka tsaya mu biyu, da yarinyar a waya mu uku. Gefenta ya fara ɗan motsi. Fata ta kwanta a sama, ta kumbura, ta taso a hankali. Na ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Na mayar da hannuwana baya na damƙe ɗaya da ɗaya, har sai da na ji zafi. Kumfan ya kai baki, ya yi tozo, ya tsaya yana rawa kamar yana shawara. Sannan ya karye ta gefen taga, ya gangaro fari a jikin tukunyar, ya faɗa wuta da wani cuuu, ƙaurin ya cika ɗakin.

Nirosha ta yi ihu tana tafi. Ni kuwa ƙaurin nan ya kai ni tsakar gidan Goggo kai tsaye, na ji kaina yana jiran ranƙwashi, ba wanda ya zo. Sai hawaye. Baba Wimal ya dube ni ya fashe da dariya irin wadda rabona da ji tun kafin Afrilu, har da tarin.

Ya rage wutar, ya zuba shinkafa cikin abin da ya saura, muka zauna a ƙasa muna jira ta nuna. Farin ciki ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Na ce katifarsa za ta zauna nan ƙarƙashin taga, tawa can, zan buga ƙusa a nan don kaya. Ya bar ni na gama.

"Shaban. Wannan ɗaki naka."

"Namu dai, Baba."

"Naka. Ni huruj nihayi. Kafili, maigidanmu, ya sa hannu ranar Litinin. Jirgi bayan kwana tara."

Fita ta ƙarshe ke nan, wadda ba a dawowa. Na ji maganar, amma ta ƙi shiga.

"Saboda ni? Baba, fushin bai wuce ba?"

"Mako na farko, fushi," ya ce, yana juya shinkafar. "Sauran, tunani. Shekara goma sha tara ina dafawa a nan. Duk shekara ta zuba. Duk shekara in ce, to, akwai sauran arziki a Riyad, bari in ƙara ɗaya. Silawati ta ce zo, in ce madara ta zuba, ɗaya kawai. Ina ƙara ɗaya, ina ƙara ɗaya, har ta tafi ban gan ta ba." Ya goge ludayin a bakin tukunya. "Bana ba ta zuba ba. Nirosha ta ce, ka gani, abincinka ya ƙare a can, ka dawo gida. Na nemi abin da zan ce mata, ban samu ba."

Yarinyar tana kallonmu daga taga, ba ta jin abin da muke cewa, murmushi kawai take yi. A bayanta ina hango ganyen ayaba yana kaɗawa, da wani yanki na sama mai hadari.

"Baba, da na bar ta ta zuba ran nan fa?"

"Da ina nan," ya ce. "Baɗi ma ina nan."

Ya kwashe shinkafar a faranti, ya danne ta da bayan cokali, ya yanka, ya miƙo mini yankan farko da hannu biyu. Ya kamata in yi masa murna, kuma na yi, Allah ya sani na yi. Amma a can ƙasan raina, Allah ya yafe mini, na yi ta cewa da ma ban hau benen nan ba ranar Talatar, da ma na bar tsohon ya ci gaba da ƙara ɗaya. Na karɓa na ci.

Bayan na dawo daga masallacin Juma'a ya taya ni muka ɗauko katifata, shi gaba ni baya. Ya tsaya ya duba ɗakin, ya nuna ƙarƙashin taga da haɓa, muka shimfiɗa ta a nan.